Hira Bayan Zubi: Hanyar da takardar lotisma ke bi kafin gona ta zama unguwa

Ina gaida uwayen asusu, da masu riƙon makulli, da sakatarori masu fama da littafi da biro, har da ke da kika zo a makare aka ci ki tara. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya sa ma zubinmu albarka.

Wannan karo kan maganar fili za mu zauna. In an buɗe akwati an yi rabo, cikin abubuwan da mace ke fara tunani akwai akuya, akwai kayan ɗakin ɗiya, sai kuma farsel. Ƙungiyoyi da dama ma sun wuce nan, fili suke so na ƙungiya inda za a kafa injin niƙa ko na tatsar man gujiya, ko a gina magaza ta ajiye hatsi da wake. A ɗaya gefen kuma ga ƴan uwanmu na ƙauyukan bakin gari, waɗanda birni ya iske har gida. Gamanar da mace ta noma gujiya da kuɓewa bara, bana sai ta ga an kafa siminti mai lamba a tsakiyarta. Mai saye da mai gona, abu guda ya haɗa su, shi ne lotisma. In an bi hanyarsa daidai, mai saye ta samu wurin zama, mai gona ta samu rabonta. In an kauce, kuɗin zubin shekara uku na iya tafiya a yini guda, gona kuma ta salwanta ba ko dala.

Mene ne lotisma?

Lotisma shi ne a ɗauki babban fili, galibi gonaki, a auna shi, a fitar da hanyoyi da wuraren jama'a, sauran a yanka shi gida-gida. Kowane rukunin gidaje da hanyoyi suka kewaye ana ce mishi ilo, yana da lambarsa. Kowane gida cikin ilo shi ne farsel, shi ma da tasa alamar. Wuraren da aka ware ma jama'a, irin su lakwal, likita, kasuwa, masallaci da filin wasan yara, su ne kuke ji ana ce ma rezerb.

Mu yi ɗan lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. Ekta guda murabba'in mita 10.000 ce. Mu ɗauka, a misali, hanyoyi da rezerb sun ci 4.000. Saura 6.000 ke nan. In farsel mai mita 400 ake yankawa, za a samu 15. In mai 300 ce, za a samu 20. Kun ga ke nan duk mitar da aka rage ma hanya ko aka ƙwace ma lakwal, kuɗi ce a aljihun mai yankawa. Wannan kwaɗayin shi ya sa doka ba ta bar mutum shi kaɗai da gonarsa da igiyar awo ba. Sai an duba, sai an ba da izini a rubuce.

Dokar da ke riƙe da tsarin birane a ƙasarmu yanzu ita ce mai lamba 2017-20 ta ranar 12 ga Afrilu 2017. Abin da ya shafi gonaki da makiyaya kuma yana ƙarƙashin kundin tsarin karkara, wanda tushensa dokar ranar 2 ga Maris 1993 ce. Bakin gari shi ne inda dokokin nan biyu ke haɗuwa, shi ya sa rigima ta fi yawa a nan.

Ƙofofin da takarda ke ratsawa

Ƙofa ta farko ita ce tambayar: filin na wane ne? Mai neman yanka, ko meri ce da kanta, ko gwamnati, ko kamfanin gidaje, dole ya nuna yadda filin ya zo hannunsa. In gonakin gado ne, sai an san masu su ɗaya bayan ɗaya, an san iyakar kowa, an daidaita da su. Anan ake buƙatar mai gari da sarkin yanki, don su suka san wa ya gaji wa, wa ya ara, wa ya karɓi jingina.

Ƙofa ta biyu ita ce ta masu awo. Jeyometir ya zo da na'urarsa ya auna faɗi da tsawo, ya auna tudu da kwari, don a san inda ruwa ke bi in an yi sama. Daga nan a zana taswira: ga hanyoyi da faɗinsu, ga ilo, ga farsel, ga rezerb. Taswirar nan ya kamata ta dace da babban tsarin garin, wato takardar da ta nuna ta ina gari zai miƙe, ina aka bar ma noma, ina aka hana gini.

Ƙofa ta uku ita ce meri. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 komin-komin suka samu majalisunsu, kuma dokar ƙananan hukumomi ta ranar 17 ga Satumba 2010 ta fayyace aikinsu. A tsarin nan, magajin gari ba ya yanke babbar magana irin ta fili shi kaɗai, sai konseye sun zauna sun tattauna an rubuta abin da suka amince. Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kuma suna da matsayi na musamman: akwai babbar merin birni, akwai ƙananan da'irori ƙarƙashinta, biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun nan aka ɗora kantomomi. Inda kantoma ke riƙe da meri, shi ke sa hannu a madadin magajin gari, amma ma'aikatan ofishin filaye da rajistocinsu suna nan inda suke. Abin da ya ragu shi ne konseyen unguwarku da kuka saba tarewa a wurin biki ku tambaye shi. Don haka yanzu tambaya sai da ƙafa, a je meri a yi ta.

Ƙofa ta huɗu ita ce jin bakin jama'a. Zan dawo kanta, don ita ce tamu.

Ƙofa ta biyar ita ce kwamitocin tsara birane da gidaje, waɗanda ke zama tun daga ƙasa har zuwa na ƙasa baki ɗaya. Galibi a nan ma'aikatan gwamnati na fannoni ke haɗuwa: na tsara birane, na filayen gwamnati da kadastir, na muhalli, na ruwa, da sauransu. Kowa ya duba taswirar da idon aikinsa. Suna iya cewa ta yi, suna iya mayar da ita a gyara.

Ƙofa ta ƙarshe tana Yamai. Ministan da ke kula da tsara birane shi ke sa hannu kan takardar izini, wadda ake kira arete, mai lamba da kwanan wata. Ku riƙe wannan da kyau: meri ita ke ɗaukar magana, ita ke bin ta, ita ke raba takardu daga baya, amma hatimin meri shi kaɗai ba ya mayar da gona lotisma. Sai arete ta fito ake kafa borni na gaskiya, a buɗe hanyoyi, a shigar da farsel cikin rajista, sannan a fara ba mutane takardar mallaka ta meri da ake kira akt de sesiyon.

Abin da masu dubawa ya kamata su gani

Na farko ruwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ƙoramar da ta shekara goma ba ta kawo ba, ranar da ta tashi ta inda ta saba za ta bi, ko an gina bene a kai. A daminar 2020 kogi ya fasa digi a Yamai ya shiga Lamorde da unguwannin Harobanda. A daminar 2024 ambaliya ta ci rayuka kusan 400 a ƙasar nan, ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma mutanen Maraɗi da na Damagaram ba sai an ba su labari ba. Ba duka ɓarnar ce laifin lotisma ba, ruwan ya yi yawa. Amma gidan da aka yanka cikin fadama, ko bakin Gulbin Maraɗi, ko cikin tsohon tabki da ya ƙafe, ko gefen Gunti Yena, tun ranar da aka zana shi a takarda aka rubuta mishi ƙaddararsa. Taswira mai kyau tana barin hanyar ruwa a buɗe, tana nuna inda kanibo zai bi da inda zai zubar.

Na biyu hanya. In motar likita ko ta ƴan kwana-kwana ba ta iya shiga lungu, mace mai naƙuda ce za ta biya kuɗin wannan rowar. Na uku wuraren jama'a. Unguwar da ba a bar ma lakwal fili ba, ɗiyanmu ne za su yi ta tafiyar kilomita suna ƙetare gudoro. Sai kuma ruwan sha da wuta: ina pampo zai fito, ina turakun NIGELEC za su bi? Unguwa nawa muka sani da aka yi shekaru ana sayen ruwan garuwa don an yanka ta an sayar ba a yi wannan tunani ba?

Akwai kuma wuraren da ba na yankawa ba ne sam. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa burtali da makiyaya cikin dukiyar ƙasa, ba mai mallakar su balle ya sayar. Dazuzzukan gwamnati ma haka. Mutanen Yamai sun san labarin shingen itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1965 don ya tare ma birni iska da rairayi. Da gari ya matso, aka yi ta gutsurar shi ana yanka farsel, aka shekara da shekaru ana jayayya tsakanin masu gonakin asali, da gwamnati, da waɗanda suka saya da guminsu. Wanda ya fi shan wuya a irin wannan shi ne na ƙarshe, mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi farsel guda. Manyan ayyuka kuma, dokar ranar 14 ga Mayu 2018 ta ce sai an binciki abin da za su jawo ma muhalli da jama'a kafin a fara su.

Ƙofar da aka bar muna

Kafin a amince da aikin da zai taɓa filayen mutane, ana buɗe bincike na jin ra'ayi. A bakin ma'aikata za ku ji suna cewa ankit komodo-inkomodo, ma'ana a ji wa abin zai amfana, wa zai cuta. Ana sanarwa, a manna takarda a allon meri, wani lokaci a faɗa a rediyo. Ana naɗa mutum guda mai karɓar koke, a aje rajista. Duk mai magana ya zo ya faɗa a rubuta: wannan gonar tamu ce, nan maƙabarta ce, nan ruwa ke kwanciya, nan hanyar rijiya ce. Kwanakin ƙidayayyu ne, cikin sanarwar ake faɗin ranar buɗewa da ta rufewa. In an rufe, mai binciken ya rubuta rahoto, rahoton ya bi takardar zuwa sama.

To ina matsalar take? Sanarwar da Faransanci take, a manne a wurin da mace ba ta zuwa sai in takardar haihuwa ta kai ta. Lokacin da maza ke zaune ƙofar mai gari ana maganar, mu muna bakin murhu ko kasuwa. Sai rajista ta rufe ba sunan mace ko guda a ciki, alhali mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Wa ya fi mu sanin inda ruwa ke tsayawa kwana bakwai bayan sama? Wa ya san hanyar da yara ke bi zuwa lakwal, da inda ake ɗebo yashi, da itacen da ake kaɗo ma awaki?

Anan ƙungiya ke da amfanin da mutum guda ba shi da shi. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, abin da muka ƙware a kai shi ne haɗuwa kowane mako ba fashi, da rubuta abu a littafi, da tashi a yi magana gaban mutane. Mace guda in ta shiga meri da koke, ana iya ce mata ta dawo gobe har ta gaji. Mata talatin da takarda guda mai sa hannun kowa, wuya a ce ba a gan su ba. In kun je, ku roƙi a shimfiɗa muku taswirar a nuna muku da yatsa: ina gonakinmu, ina lakwal, ina ruwa zai bi. A fassara muku da Hausa. Abin da kuka faɗa a rubuta shi cikin rajista gabanku, a karanta muku, sakatariyarku kuma ta rubuta rana da abin da aka ce cikin littafinku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran layi guda a takarda aikin minti biyar ne, amma in an zuba siminti sai dai rusau da kuka.

Ke mai gona a bakin gari

In gwamnati za ta karɓi fili don amfanin jama'a, dokar 1961 da aka gyara a 2008 ta ce sai an biya diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa. A harkar lotisma abin da aka saba shi ne a biya masu gona da farsel. To a nan sai an buɗe ido, don kalma guda na iya cinye rabin haƙƙinki.

Mu koma ga ektarmu ta ɗazu. A ce an daidaita kan kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗaya cikin huɗun me? In na faɗin gonar ne gaba ɗaya, mita 2.500 ke nan, wato farsel shida masu mita 400 har da ɗan saura. In kuwa na farsel 15 da suka fito ne, ko huɗu ba su cika ba. Magana guda, amma tsakaninsu farsel biyu da wani abu. Sannan a wane wuri za a ba ku? Farsel ta bakin babbar hanya da ta can ƙurya cikin kwari ba kuɗinsu ɗaya ba. Don haka yawan farsel, da faɗinsu, da lambar ilo, duka su shiga takarda kafin kowa ya dangwala yatsa.

Sai babbar maganar, wadda ake jin nauyin faɗi cikin gida. Sunan wa ake rubutawa cikin jerin masu gona? Galibi babban wa, ko baffa, a matsayin wakilin gida. Takardun diyya su fito da sunansa. Kafin ƴan uwa mata su ji labari an sayar da biyu an sayi mota, an ƙara aure da ɗaya. In kin yi magana a ce kina son raba zumunci. Alhali addini bai bar wannan a duhu ba. Ga misali: mutum ya rasu ya bar mata guda, ɗiya maza biyu, mata uku, iyayensa ba su raye, ba bashi ba wasiyya, gonarsa kuma ta kawo farsel takwas. Matar tana da tumuni, farsel guda. Bakwai da suka rage, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Wannan ba alfarma ba ce. Kuma dokar 1993 da kanta ta ce ƴan ƙasa duka daidai suke wajen samun albarkatun karkara, ba bambanci tsakanin namiji da mace.

Abin yi shi ne a raba gado tun kafin masu awo su iso, ko a rubuta sunayen magada duka, maza da mata, a gaban mai gari da malamai. Kuma ga hukumomin filaye da ake kira Kofo: akwai ta gari wadda mai gari ke shugabanta, akwai ta komin, akwai ta departema ƙarƙashin prefe, kuma an tanadi kujerar wakiliyar mata a ciki. Su ke ba da takardar shaidar mallakar gargajiya, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. In mijinki ko mahaifinki ya ba ki gamana kyauta har abada, ku je a rubuta takardar kyauta tun yana raye, ana dariya. In aro ce, ki san aro ce: ranar lotisma diyyar ƙasa ta mai ƙasa ce. Amma ko a hakan, ki sa a rubuta abin da kika zuba a ciki, rijiya ko mangwaro ko zogale ko shinge, don a san da guminki in ana lissafi.

Me ke sa abin ke lalacewa?

Gaskiya guda ita ce komin-kominmu ba su da kuɗi. Haraji ba ya shiga yadda ya kamata, ga albashi, ga bashi. Sai fili ya zama saniyar tatsa: a yanka a sayar a toshe rami. Gwamnati da kanta, farkon shekarun 2000 zamanin Shugaba Tandja Mamadu, da farsel ta biya ma'aikata bashin albashinsu. Tun daga nan kowa ya gane farsel kuɗi ce da ake ajiyewa, ba wurin kwana kaɗai ba. Shi ya sa za ki ga an yanka daji har inda ido ya ƙare, ba gida ko ɗaya, gonar da ke ciyar da mutane ta zama kangon borni, mai neman wurin zama na gaske kuma yana haya.

Daga nan sauran cututtukan ke fitowa. Farsel guda a ba mutum biyu takarda. Rezerb da aka bar ma lakwal a wayi gari an yanka ta. Sai kuma wanda ya fi kama mata: mai gona ya kira mai awo su biyu, su yanka, su kafa siminti, dillali ya shiga gari yana cewa, “Hajiya, hili ne mai kyau, lotisma na nan tahe, ki kama tun da araha.” Takardar da za a ba ki ta saye ce ta gargajiya, mai sa hannun mai gari. Tana shaida kin sayi yankin gona, ba ta ce wurin ya zama farsel ta hukuma ba. Ranar da lotisma na gaskiya ya zo, taswirarsa ba ta san da layin dillali ba. Ɗakinki na iya faɗawa tsakiyar hanya. Araha ba ta ado.

Kafin a fitar da kuɗi daga akwati

Ƙungiyar da za ta sayi fili, ko ƴar ƙungiya da za ta ci bashi don saye, ga abin da nake ba da shawara a yi, bi da bi.

Ku tambayi sunan lotisma, da lambar arete da ta amince da shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya fara cewa “ke dai ba ki yarda da mutane ba”, ku gode mishi ku tashi.

Ku ɗauki kofin takardar, da lambar ilo da ta farsel, ku je ofishin filaye na meri, mutum biyu ko uku, a buɗe rajista a ga sunan da ke ciki ya yi daidai da na mai sayarwa da katinsa na ɗan ƙasa. In na gado ne, ku nemi shaidar cewa magada duka sun yarda, har da matan. Kada mu da ke kukan an ci namu mu sayi na wata ƴar uwa da aka ci.

Ku je wurin da ƙafarku tare da mai awo ya nuna muku borni huɗu. In da hali ku je da damina, ko ku tambayi matan da ke maƙwabtaka da wurin ina ruwa ke kaiwa. Su ba su da riba cikin cinikin, za su faɗa muku gaskiya.

Biya gaban shaidu, da takardar saye, da resi. In kuɗin da yawa, gaban noter ya fi. Bayan saye kada ku tsaya, ku bi sauya suna a meri har takarda ta fito da sunan mai ita. Mata da yawa na riƙe da takarda mai sunan wani, suna cewa ai mun saya. In mai sunan ya rasu, da magadansa za ki yi shari'a.

In filin na ƙungiya ne, ya fito da sunan ƙungiya. Wannan na buƙatar ƙungiyar ta kasance da takardar amincewa ta hukuma, wato agrema. Kada a rubuta sunan uwar asusu don ana ganin girmanta, ko na mijin wata don shi ya san hanya. Yau ana lafiya, gobe mutuwa ko saki na iya mayar da filin mata talatin gadon gidan mutum guda. In kuma naki ne ke kaɗai, da kuɗin zubinki, sunanki ya dace ya hau kai. Wannan ba raina maigida ba ne. Kofi guda ki ajiye wurin da kika amince, don gobara da ruwa ba su san takarda ba.

Akt de sesiyon ba ita ce ƙarshe ba. Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ake samu ta ofishin filaye da kadastir na ma'aikatar haraji. Tun 2006 aka fito da hanya mai sauƙi ta samun ta, aka sa mata suna da harshenmu, Sheda. Ita ce banki ya fi yarda da ita in ana neman babban rance. In kun tashi gini kuma, akwai izinin gini da ake nema ta meri. Ku sa a karanta muku duk abin da ke rubuce jikin takardarku, in akwai wa'adin gini a ciki ku san da shi.

In rigima ta riga ta faru kan gona, ana farawa da sulhu wurin mai gari ko sarki, a rubuta takardar abin da aka cimma ko aka kasa cimma, sannan a wuce gidan shari'a in ta kama. Kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki ba kowa takardarki ta asali ya tafi da ita. Kofi ake bayarwa.

Aikin zama mai zuwa

Ranar zubi mai zuwa, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, ku ɗauki minti goma sha biyar. Kowace ta faɗa: tana da gona ko farsel? Da takarda ko babu? Sunan wa ke kai? Sakatariya ta rubuta. Sannan ku zaɓi mata biyu, ɗaya mai karatu ɗaya mai baki, su riƙa leƙa allon meri sau ɗaya a wata, su kuma san wace ce wakiliyar mata a Kofo ta garinku. In kujerar ba kowa a kai, ku gaya ma mai gari kuna da wadda za ta zauna. Kuɗin kabu-kabunsu a fitar daga asusun taimako, bai kai abin da ake kashewa a goron suna guda ba.

Ƙungiyoyin da suka riga suka sayi fili, ku aiko muna ta hannun masu zagayawa yadda kuka yi da inda kuka sha wuya, don na baya su ƙaru. Fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ƙungiya ke neman agrema da abin da ake tambaya a meri.

Allah ya tsare muna guminmu, ya ba kowace inuwar da za ta ce tata ce. Sai mun sake haɗuwa.